Zumunta a Ƙafa Take: Jawabi a Kan 'Ya'yanmu Masu Larurar Otizim



An umarce ni da in yi magana a kan zumunci. Zan karkata ga wasu gidaje da zumuncinmu yake tsallakewa, wato gidajen da Allah ya ba su ɗa mai larurar otizim, wadda wasu ke kira galahanga.

Alamunta sukan bayyana tun kafin yaro ya kai shekara uku. Yakan yi jinkirin magana, a kira sunansa bai waiwayo ba, ba ya son haɗa ido, yakan yi ta maimaita motsi ɗaya ko kalma ɗaya, ƙarar lasifika da cinkoson biki kuma su firgita shi. Wani da ƙyar zai furta kalma, wani kuwa sai ya fi 'yan ajinsu hadda ko lissafi. Wannan ba aikin aljanu ba ne, ba sammu ba ne, ba kuma sakacin uwa ba. Yadda ƙwaƙwalwar yaron ta ginu ke nan. Likita Leo Kanner ya bayyana larurar a Amurka a 1943, kuma a 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa tana shafar kimanin yaro 1 cikin 100.

Jama'a, abin da ya fi ci wa iyayen nan tuwo a ƙwarya shi ne kaɗaici. Uwa takan daina zuwa suna da biki don gudun kallo da tsegumi. A Mazanya ko Magama akwai kaka da gwaggo da za su karɓi yaro ta huta. A gidan haya a Kano, Kaduna ko Abuja, ƙofa a rufe take, yaro ya tashi ba aboki, uwa ba abokiyar shawara.

Wasu sun riga mu gano maganin wannan. A Ingila, a 1962, wasu iyaye ƙalilan ne suka fara haɗuwa suna tattauna halin 'ya'yansu, cikinsu har da likita Lorna Wing, wadda 'yarta ke da larurar. Wannan zama shi ya zama babbar ƙungiyar masu otizim ta ƙasar. Mu kuwa da muka gaji majalisa da adashi da gayya, ba sai an koya mana haɗuwa ba.

Don haka ina ba kowane reshe shawara ya ware yini ɗaya a wata. A zaɓi gida mai fili, a shimfiɗa tabarmi, a kashe rediyo, iyalai biyar ko shida sun isa. A zo da sauran yara su yi wasa tare, domin ta haka za su saba tun suna ƙanana. Kada a tilasta wa yaro gaisuwa ko magana; in ya keɓe, a ƙyale shi. Samari da 'yan mata masu larurar a tambaye su abin da suke so, ko ƙwallo, ko ɗinki, ko kwamfuta. Abin da aka faɗa a zaman kuma amana ne. Wanda ya ga alamu ga ɗansa, a raka shi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina ko na Malam Aminu Kano, domin gane larurar da wuri yana taimakawa ƙwarai.

Dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya sanya wa hannu a Janairun 2019, ta kare haƙƙinsu, amma doka ba ta yi wa yaro aboki. Wannan aikinmu ne. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2 ga Afrilu domin masu otizim tun 2007. Ina roƙon kowane reshe ya yi zamansa na farko kafin ranar ta zagayo, ya kawo mana rahoto a taro mai zuwa.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba ƙasar Jibiya zaman lafiya.