CIWON KAFAƊA: WACE ALLURA ZA A YI?

Manoma, 'yan dako, da duk wanda ya haura shekara 50, ku saurara.

Idan jijiyar kafaɗa ta yage, ɗaga hannu ya gagara, barci ya ƙi, allura iri biyu likita kan ambata.

Ta farko kotison. Tana kwantar da zafi cikin 'yan kwanaki, amma aikinta na makonni ne. Yawan maimaita ta yana raunana jijiyar, shi ya sa akan bar wata 3 tsakani. Mai ciwon sukari ya faɗa tukuna, don tana ɗaga sukari.

Ta biyu PRP. Jininka ake ɗiba, a tace da na'ura, a mayar a wurin. Tana da tsada, sauƙinta a hankali yake zuwa, kuma ba kowa take yi wa aiki ba.

To, ku ji da kyau: babu wadda ke ɗinke jijiyar da ta tsinke. Sauƙin da ka samu, don ka iya motsa kafaɗar ne a sashen gashi. Wanda ya faɗi, hannu ya ƙi ɗaguwa nan take, ya zo asibiti maza, wataƙila tiyata yake bukata.

Kada ka yarda mai kemis ya soka maka allura a gaɓa!