Ƙashin da Kogi Ya Tono: Na Jiya Ne ko Na Zamanin Teku?

 

Duk shekara idan damina ta ja baya, ruwa ya janye daga gaɓar Rima da sauran kogunanmu, manoman fadama da masu ɗiban yashi sukan tsinci ƙasusuwa. Tambayarsu ɗaya ce: na wace dabba ne? Ni kuwa kafin in amsa, sai na fara tambayar a ina aka same shi, domin wurin da ƙashi ya kwanta shi ne rabin shaidarsa.

Mu fara da mai sauƙi. Mafi yawan abin da ake tsinta na saniya ne, ko jaki, ko raƙumi. A nan ina ba ɗalibai shawara su fara kai wa tsohon mahauci kafin su buɗe littafi, don hannunsa ya san ƙashi. Zai nuna muku cewa dogon ƙashin da ke sama da kofaton saniya ya rabu gida biyu a ƙarshensa, na jaki kuwa ƙarshe guda ne da shi. Zai gane sawun wuƙa da saran gatari. Haƙorin kada mai tsini ne, na saniya mai faɗi ne saboda niƙa ciyawa.

Sai maganar tsufa. Mutane sukan ce tunda ƙashi ya yi baƙi, ai daɗaɗɗe ne. Launi yana yaudara, domin laka tana rina ƙashi cikin 'yan shekaru. A gwada nauyinsa. Ƙashin da ya daɗe ƙwarai a ƙasa, ruwa ya bi ƙofofinsa ya zuba ma'adinai har ya koma dutse, sai ka ji ya fi girmansa nauyi, in ka ƙwanƙwasa shi ya yi ƙara kamar fasasshen tulu. Sabon ƙashi kuwa, in aka ɗora masa allura mai zafi, ƙaurin gashi zai yi.

Kada wani ya ɗauka labarin ƙasashen Turai nake yi. Shekaru kusan miliyan 70 da suka wuce, teku ce ta rufe yankin Sakkwato. Dutsen da ake haƙa a Kalambaina don yin siminti yana ɗauke da ɓawon halittun teku. A 1930 wani masani Bature, Swinton, ya yi bayanin ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku da aka samo a wannan yanki, sannan a 1972 masana daga Italiya suka raɗa mata suna Goronyosaurus. Sunan Goronyo ke nan a littattafan kimiyya na duniya, amma yara nawa ne a Goronyo suka taɓa jin haka? Wannan abu yana damuna. A Nijar kuma, a Gadufawa cikin hamadar Tenere, an tono ƙasusuwan wani kada da tsawon kansa kaɗai ya haura mita ɗaya da rabi, wanda ya rayu a kogunan wurin shekaru kimanin miliyan 110 baya.

Kogi yana kwaso abu daga nesa, ya haɗa ƙashin jakin bara da haƙorin kifin da ya mutu tun kafin a yi kogin, ya zube su wuri guda. Saboda haka ƙashin da aka tsinta a kan yashi shaidarsa kaɗan ce. Wanda yake maƙale a jikin gaɓa, cikin shimfiɗar ƙasar da ta binne shi, shi ne mai daraja, domin daga wannan shimfiɗa ake gane shekarunsa da irin wurin da dabbar ta zauna. Ranar da aka fizge shi da fartanya, wannan ilimi ya tafi ke nan.

Roƙona gare ku shi ne, in kun ga irinsa ku bar shi inda yake. Ku ɗauki hotonsa da waya, ku ajiye biro a gefensa don a gane girmansa, ku rubuta sunan ƙauyen da kwanan wata. Ku sanar da mai gari, sannan ku kai labari sashen nazarin ƙasa na jami'a mafi kusa ko gidan tarihi. In kuwa kuna zargin na mutum ne, hukuma za a fara kira.