Awa Goma a Jikin Kwali, Awa Biyu a Ƙauye: Batirin Laftof da Ayyukan Noma a Funtua da Malumfashi



An san yankin da ya tashi daga Funtua ya bi ta Bakori da Kafur ya dangana da Malumfashi da masara da auduga da dawa da waken soya, an san Ɗanja da rake da tumatir, an kuma san kasuwar Ɗandume da motocin hatsi. Sai dai a 'yan shekarun nan wani kayan aiki ya shigo cikin harkar, ko da yake ba a jera shi da garma da taki. Kayan aikin nan shi ne kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda kowa ke ce wa laftof. Da ita malamin gona yake rajistar manoman da za a ba taki da iri, da ita sakataren ƙungiyar manoma yake lissafin bashi, da ita ake yi wa mutane rajistar lambar NIN tun da aka wajabta haɗa ta da layin waya a ƙarshen 2020. Ɗalibin makarantar share fage ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtua ma da ita yake gwajin jarrabawar JAMB, wadda ta koma ta kwamfuta zalla tun 2015.

Duk waɗannan mutane kukansu ɗaya: an ce musu batir zai yi awa takwas ko goma, amma kafin azahar ya mutu. Wannan takarda tana so ta nuna daga ina waɗannan awanni na talla suke fitowa, me ya sa giɓin ya fi faɗi a wannan yanki, da abin da mai saye zai duba kafin ya biya kuɗi.

Da farko dai, ba ƙorafin mutanen karkara ba ne kaɗai. A 2017 mujallar kare masu saye ta Birtaniya mai suna Which? ta fitar da sakamakon gwajin laftof 67 da ta yi. Wata Lenovo Yoga 510 da aka ce tana awa biyar ta yi awa biyu da minti bakwai. Wata HP Pavilion da aka yi wa alƙawarin awa tara ta tsaya a awa huɗu da minti 25. Dell Inspiron mai awa bakwai a talla ba ta cika huɗu ba. A wannan gwaji Apple ce ta fita kunya, domin MacBook Pro ɗinta ta wuce awa goman da aka faɗa. Amma ita ma Apple ɗin, a Disamban 2016 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta ƙi ba da shawarar sayen sababbin MacBook Pro saboda batirinsu yau ya daɗe gobe ya ƙare da wuri, sai da kamfanin ya gyara wata matsala a manhajar Safari. Duk waɗannan sababbi ne fil daga kwali, a ɗakuna masu sanyi, a ƙasashen da ba a ɗauke wuta.

Kamfanoni ba sa ƙirƙiro awannin daga kansu. Gwaji suke yi, amma a yanayin da ya fi yi wa batir sauƙi. Shekaru da yawa ma'aunin da aka fi amfani da shi shi ne MobileMark. Na 2007 ana gudanar da shi ne da hasken allo a nit 60, wato dishi-dishi, ba tare da an kunna intanet ba, har kamfanin AMD ya fito fili a 2009 yana cewa alƙaluman ba sa nuna yadda mutane ke aiki da kwamfuta. Daga baya an ɗaga hasken a sababbin gwaje-gwaje. Wasu kamfanonin kuma bidiyo suke sakawa ya yi ta maimaita kansa har batir ya ƙare, alhali kunna bidiyon da ke ajiye cikin kwamfuta yana daga cikin ayyukan da ba sa cin wuta sosai. Ana rubuta waɗannan sharuɗɗa da ƙananan baƙaƙe a ƙasan talla, inda ba kasafai ido ke kaiwa ba.

Lissafin kuwa ba shi da wuya. Kowane batir yana da adadin wutar da yake iya ɗauka, ana rubuta shi a jikinsa da alamar Wh, kuma na yawancin laftof yana tsakanin 40 da 60. A ɗauki mai 50. Idan kwamfutar tana jan wat biyar, kamar yadda take yi a gwajin kamfani, za ta kai awa goma. Idan tana jan wat 15, awa uku da minti ashirin ne. Batirin bai canza ba. Aikin da aka ɗora masa ne ya ƙaru.

A dubi malamin gona da ya je wani ƙauye a ƙasar Kafur rajistar manoma. Yana zaune a kan benci ƙarƙashin darbejiya, hasken rana ya dushe allon, dole ya ƙure hasken kwamfutar kafin ya ga rubutu. Ya jona na'urar ɗaukar hoton yatsa a gefe ɗaya, ya jona wayarsa a ɗaya gefen domin ita ce ke ba shi intanet, kuma tana tsotsar caji daga jikin laftof ɗin. Sabis yana zuwa yana ɗaukewa, shafi ɗaya sai an loda shi sau uku. Fankar cikin kwamfutar tana gurnani saboda ƙurar da ta toshe mata hanyar iska tun lokacin hunturu. Layin dattawa kuwa ya miƙe, wasu sun baro gona, wasu sun biya kuɗin mashin daga rugage. Idan allon ya yi baƙi da ƙarfe goma sha ɗaya, babu soket a gindin bishiya. Sai ya ce, “Baba, ku yi haƙuri, sai mun dawo jibi.” Wanda bai samu dawowa jibin ba, sunansa ba ya cikin masu taki.

A birnin da ake samun wuta, mutuwar batir ɗan ɓacin rai ne na minti biyu. A nan asarar yini ce. KEDCO ne ke rarraba wuta a Katsina da Kano da Jigawa, amma ƙauyuka da yawa ba su da layin ma sam, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, tada janareto don cajin kwamfuta ɗaya ya zama abin da sai an yi shawara da aljihu. Sola ta rage wa masu hali raɗaɗi, sauran kuwa shagon mai caji suke kaiwa.

Sai zafi. Kamfani irin Apple yana cewa a yi aiki da laftof ɗinsa tsakanin digiri 10 da 35. A watan Maris da Afrilu zafin kudancin Katsina yana wuce haka a inuwa, balle a shago mai rufin kwano ko cikin jakar da ta wuni a bayan babur. Batirin litiyam yana saurin tsufa idan zafi ya haɗu da cikakken caji, kuma abin da ya rasa ba ya dawowa. Ga mutanenmu, saboda tsoron ɗauke wuta, kullum so suke su ga ɗari bisa ɗari, don haka kwamfuta tana jone dare da rana. Ba laifinsu ba ne, amma batirin ne ke biya.

Babbar matsalar dai ita ce mafi yawan laftof da ke hannun mutanen yankin nan na hannu ne, waɗanda suka yi shekaru a ofisoshin Turai da Amurka, suka sauka Legas, suka bi ta kasuwannin Kano da Kaduna kafin su iso. Tun da Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, dalilin da zai sa ofisoshin can su sallami tsofaffin kwamfutocinsu ya ƙaru. Kowane batir yana da iyakar caji da saukewa. Na laftof da yawa kan fara rauni bayan zagaye 300 zuwa 500. Mai shago zai kunna kwamfuta ya nuna wa mai saye alamar batir a cike, ya ce, “Alhaji, duba da idonka, ɗari ne cif.” Gaskiya ya faɗa, amma ɗarin me? Kamar tiyar da aka bubbuge wa gindi ce: tana cika har ta yi tozo, hatsin da ke ciki kuwa bai kai ba. Batirin da aka ƙera da 50, idan ya koma 30, a hannun malamin gonar nan awa biyu zai yi. Sau da yawa shi kansa mai shagon bai sani ba, awannin da ya gani a intanet na sabuwar kwamfutar yake maimaitawa. Akwai kuma batiran canji marasa suna, waɗanda lambar da ke jikinsu ta fi abin da ke cikinsu.

Abin takaicin shi ne gano gaskiyar ba ya ɗaukar minti biyar, kuma kyauta ne. A kwamfuta mai Windows, idan aka buɗe wurin rubuta umarni aka rubuta powercfg /batteryreport, za ta fitar da rahoto mai lambobi biyu: adadin da aka ƙera batirin da shi, da adadin da yake iya ɗauka yau. Idan na biyu ya yi ƙasa da kashi 80 cikin ɗari na na farko, batirin ya fara gajiya, kuma ya kamata farashi ya sauka. Bayan saye, rage hasken allo, cire abin da ba a amfani da shi, hure ƙurar fanka, da tsayar da caji a kashi 80 a kwamfutocin da ke da wannan tsari, duk suna ƙara wa batir kwana.

Doka ma tana bayan mai saye. Dokar gasa da kare masu saye ta 2018, wadda ta kafa hukumar FCCPC, ta haramta yi wa mai saye bayanin ƙarya ko mai ruɗarwa game da kaya. Amma maganar fatar baki ba ta zama hujja a gaban kowa.

Don haka wannan takarda tana kira ga hukumar bunƙasa aikin gona da raya karkara ta Jihar Katsina, KTARDA, da ƙungiyoyin manoma, da makarantu da ƙungiyoyin agaji da ke saya wa ma'aikatansu laftof don aikin karkara: su sa adadin Wh da lafiyar batir cikin sharuɗɗan kwangila, su gwada kwamfuta guda a filin aiki kafin su karɓi sauran, su kuma ware kuɗin batirin canji da ƙaramar sola tun a kasafin farko. Ƙungiyoyin masu sayarwa da gyaran kwamfuta na Funtua da Malumfashi kuma su amince a tsakaninsu cewa duk laftof ɗin da zai bar shago, a buɗe rahoton batirinsa a gaban mai saye, a rubuta lambobin biyu a jikin rasit.