Wahalar Tsamo Tsibiran Fankiriyas Domin Dashe



Abin da zan yi magana a kansa yau ƙanƙane ne ƙwarai, amma ya daɗe yana wahalar da masana. A bayan tumbin mutum akwai wata gaɓa da ake kira fankiriyas. Mafi yawanta ruwan narkar da abinci take yi, amma a cikinta akwai ƙananan dunƙulallun ƙwayoyi a warwatse, waɗanda Paul Langerhans ya gano a Jamus a 1869, aka kuma sa musu suna tsibirai. Su ne masu samar da insulin. Yawansu ya kai kimanin miliyan guda, duk da haka ba su wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 na gaɓar ba. Mai ciwon sukari iri na farko, garkuwar jikinsa ce ta hallaka ƙwayoyin da ke yin insulin ɗin. Saboda haka masana suka ce, me zai hana a ciro tsibiran wanda ya rasu a dasa wa mai rai?

To, faɗa da baki ba wuya. Ku ɗauka an watsa riɗi cikin tuwo, sa'an nan aka ce ku tsince shi ba tare da kun fasa ko ƙwaya ɗaya ba.

Wahala ta farko daga gaɓar kanta take. Tun da aikinta narkarwa ne, da zarar jini ya daina zagawa cikinta sai ta soma cin kanta. Dole a sanyaya ta, a kai ta ɗakin aiki cikin 'yan sa'o'i.

Ta biyu ita ce raba tsibiran da naman da ke riƙe da su. A 1967 Paul Lacy da abokiyar aikinsa Kostianovsky suka kyautata hanyar yin haka a jikin ɓera, da wani sinadari mai suna kolajines, wanda ake samu daga wata ƙwayar bakteriya. Gaɓar mutum kuwa ta fi tauri. Sai a 1988 Camillo Ricordi ya fito da wata na'ura a Amurka: a ɗura sinadarin ta bututun gaɓar, a yanyanka ta, a zuba cikin tukunya mai 'yan duwatsu da rariya, a yi ta girgizawa a zafin jikin mutum. A nan gwaninta take. In aka tsaya da wuri, tsibiran na nan maƙale cikin nama. In aka zarce, sun ragargaje. Mai aikin yana ɗiba yana dubawa a madubin likita, da wani rini mai mayar da tsibiran ja. Ga shi kuma ƙarfin sinadarin yakan bambanta daga kwalba zuwa kwalba, gaɓar yaro ma ba ɗaya take da ta dattijo ba.

Ta uku ita ce tacewa. Akan juya haɗin da inji cikin ruwa mai kauri, tsibirai su taso sama domin sun fi sauƙin nauyi. A kowane mataki ana hasara, har sau da yawa abin da ya rage bai kai rabi ba.

Sa'an nan a ɗura su ta babbar jijiyar da ke shiga hanta, inda da yawansu ke mutuwa tun a kwanakin farko. Shi ya sa a 2000, lokacin da James Shapiro da jama'arsa a Edmonton ta Kanada suka raba majiyyata 7 da allurar insulin, sai da kowannensu ya sami tsibiran mamaci fiye da ɗaya. Bayan shekaru biyar, mafi yawan waɗanda aka yi wa dashen sun koma ga allura, ko da yake da dama sun tsira daga faɗuwar sukari mai sumar da mutum. Wanda aka dasa wa kuma ba ya rabuwa da maganin danne garkuwar jiki. Domin haka ba kowa ake yi wa ba, sai wanda sukarinsa ke faɗuwa ba tare da ya ji alama ba.

A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da irin wannan dashe. Amma muddin gaɓa guda ba ta cika isar majiyyaci guda ba, masu jira za su fi masu samu yawa. Wannan ne ya sa wasu masana suka juya ga rainon ƙwayoyin insulin a ɗakin bincike. Ku ɗaliban likita da na kimiyya, ga fage nan a buɗe.