Karatun Wallafa Littattafai: Shin In Sayar da Shanun Huɗa?

Takardarmu ta wannan mako ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Gaya. Ya ce ɗansa ya gama sakandare, ya kafe shi sai karatun wallafa littattafai a jami'a, shi kuwa ba shi da abin biya sai shanun huɗarsa guda biyu. Yana tambaya, wai har sai an je jami'a kafin a iya juya injin buga takarda?

To Malam, mun gode da takardarka. Da farko dai, mai inji daban, mai wallafa daban. Mai inji kamar mai niƙa ne, a kawo masa, ya niƙa, a biya shi ladansa. Mai wallafa kuwa shi ke karɓar rubutu a hannun marubuci, ya gyara, ya lissafa kuɗin takarda da tawada, ya yanke kwafi nawa za a buga, ya sa farashi, ya kai kasuwa. In littafin ya yi kwantai, asarar tasa ce. Ka ga ke nan fatauci ne, amma mai buƙatar ilmi.

Kuma lallai ana karanta shi. Jami'ar Kwame Nkrumah da ke Kumasi a ƙasar Gana tana ba da digiri na shekara 4 a kan wannan fanni, inda ake koyon gyaran rubutu, da zane da tsara shafi, da aikin ɗab'i, da sayarwa. A nan Nijeriya kuwa, galibi darasi ne cikin karatun aikin jarida ko na kula da laburare.

Sana'ar ba baƙuwa ba ce a wurinmu. A Zariya aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, Abubakar Imam na editanta, a can kuma aka kafa kamfanin wallafa na NNPC a 1966. Daga shekarun 1980 marubutan Kano suka riƙa buga littattafansu da kuɗin aljihunsu.

Amma fa gaskiya ɗaya ce. Digirin nan ba ya zuwa da kujerar ofis. Yawancin takardar da ake bugu da ita daga waje ake shigo da ita, in dala ta tashi ita ma ta tashi. Ga masu satar fasaha, ga kuma matasa sun koma karatu a waya.

Saboda haka shawarata, kada ka yi gaggawar kai shanunka kara. In an gama kaka, tura yaron birni ya yi wata 3 a maɗaba'a, ya kuma zauna da masu sayar da littattafai a Kasuwar Kurmi, domin gani ya kori ji. Ya duba littafin JAMB ya ga darussan da ake nema. In ya dawo yana iya gaya maka nawa littafi ɗaya ke ci, nawa ke saura, to ya san abin da yake so, sai ku zauna ku yi lissafi. Ko a nan ma, kada a sayar da abin da ke ciyar da gida.

Allah ya yi wa yaron albarka, ya ba mu damina mai kyau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.