Keke da shirun hanyoyin Adar: jawabi ga matasan Tawa

Yau maganar keke na zo da ita. Na ga wasu har sun fara murmushi, suna cewa a ransu: ana ga wata ga wata, tsadar rayuwa, rashin aiki, shi kuma wannan keke ya dame shi. To ku ɗan ba ni aron kunnuwanku, in na gama sai ku yi hukunci.

A Faransa akwai wata hanyar keke da ake kira La Vélodyssée. Ta tashi daga garin Roscoff a arewa maso yamma, ta bi gaɓar tekun Atlantika har Hendaye, bakin iyakar Sifaniya. Tsawonta ya haura kilomita 1,200, kuma mafi yawanta mota ba ta shiga. Wani wurin tsohuwar hanyar jirgin ƙasa ce aka gyara, wani wurin gefen magudanar ruwa ne. Kuɗi masu yawa aka zuba, kuma mutane na biyan kuɗin jirgi da masauki don su je su tuƙa keke a kanta. Mi suke saye da kuɗin nan nasu? Shiru. Hanyar da za ka yi awa guda ba ka ji ham ɗin mota a bayanka ba.

Mu nan Adar ba mu da teku, amma wannan shirun muna da shi, kuma kyauta. Ka fita daga Tawa da asuba ka nufi Funkoye, ko Kalfu, ko Bambai, ko Afala, ko Barmu. Da ka bar kwalta ka hau jar hanya, abin da za ka fi haɗuwa da shi amalanke ne, da jakai, da garken awaki, da mai babur jefi-jefi. Abin da wasu ke ginawa da miliyoyi, mu mun tarar da shi a ƙofar gida, ba mu ma san sunansa dukiya ba.

Sai dai in faɗa maku gaskiya, shirun hanya kala uku ne a ƙasar nan tamu, kuma dole mu bambance su.

Na farko shi ne shirun lafiya, irin na hanyoyin ƙauyukan da na lissafa. Shi nake kira mu zuwa gare shi.

Na biyu shi ne shirun yaudara, irin na babbar hanyar Tawa zuwa Arlit. An shimfiɗa ta a ƙarshen shekarun 1970 don jigilar yuraniyom, ta bi ta Abalak da Agadas. Kana iya yin minti goma a kanta ba ka ga kowa ba, sai ka saki jiki, sai ga babbar mota ko bas ta taho a guje tana kauce ma rami. Ba a ware ma mai keke ko taku ɗaya ba a gefenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hatsarin hanya kowace shekara. Fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne, da masu keke, da masu babur, kuma in aka auna da yawan jama'a, Afirka ce ke kan gaba a wannan asara.

Na uku shi ne shirun tsoro. Can arewa, wajen Tilliya da Tasara, an kafa dokar ta-ɓaci tun 2017. Ranar 21 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka afka ma Intazayen da Bakorat da zangunan da ke kewaye, gwamnati ta sanar da mutuwar mutum 137. Allah Ya jiƙansu. Hanyoyin can ma shiru suke, amma shirun makoki ne. Kada wani ya ji jawabina ya ɗauki keke ya nausa daji da sunan jarumta. Kafin ka fita ka tambayi labarin hanya ranar, ka faɗa ma na gida inda za ka, kada ka tafi kai kaɗai, kuma ka dawo kafin magariba.

Ga mai son farawa, ga abin da ƙasar ke buƙata. Lokacin ɗari, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin keke. Iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, kuma takan ƙara ƙarfi in hantsi ya ɗaga. Don haka ka nufi gabas ko arewa da sassafe kana da ƙarfinka, ka juyo gida iska na tura ka. A Afrilu da Mayu kuwa zafi na wuce digiri 40, duk wanda ƙarfe tara ta same shi a kan fako ya ɗauko ma kansa wahala. Ruwa ka ɗauki fiye da yadda kake zato, aƙalla lita uku in tafiyar rabin yini ce. Babban abokin gabarka ƙaya ce, tsidau da ƙayar aduwa, don haka famfo da kayan faci kada su bar jikinka. Inda ka tarar da rairayi a cikin ƙorama, sauka ka tura, ba abin kunya ba ne. Matsakaicin mai keke na cin kilomita 15 a awa, ke nan kilomita 30 zuwa da dawowa ba ta fi ƙarfin safiya guda ba.

Ina za a je? Tafkin Tabalak na nan kamar kilomita 50 daga Tawa, mai kifi da lambuna da tsuntsaye masu zuwa daga nesa. Tun 2005 yana cikin jerin dausayi masu muhimmanci na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Amma a kan babbar hanyar nan yake, don haka tafiyarsa ta ayari ce, da rigar da ake gani daga nesa, da mota ko babur na rakiya a baya. Ta gabas kuma akwai Tamaske da Keita. A lokacin yunwar 1984, wadda iyayenmu ke kira El Buhari, aka soma Aikin Keita da tallafin Italiya da hukumar FAO. An dasa itatuwa kusan miliyan 18, an jera duwatsu a kan tuddai don tsayar da ruwa, kuma mafi yawan waɗanda suka ɗauki duwatsun nan a ka mata ne, saboda maza sun tafi biɗa. Gaba kaɗan, a kwarin Majiya wajen Buza, akwai layukan dogon yaro da aka fara dasawa a 1975 don kare gonaki daga iska. Masana na zuwa daga ƙasashen waje su duba waɗannan ayyuka. Mu nawa ne a nan muka taɓa ganinsu da ido? A cikin mota ba ka ganin komi sai ƙura. A kan keke kuwa cinyarka ce za ta gaya maka tsayin tudun da kakarka ta hau da dutse a kai.

Yanzu ga tambayar da ta fi ci mani rai: yaushe keke ya zama abin kunya a Tawa? A zamanin kakanninmu, ɗan Adar in ya dawo daga Abijan ko Kumasi da Raleigh sabuwa fil da rediyo, gari gaba ɗaya sai ya sani. Yau saurayi ya gwammace ya ci bashi ya hau kabu-kabu zuwa jami'ar Djibo Hamani da a gan shi bisa keke. A fada ana yi ma mai keke dariya, a ce talauci ya kama shi.

To bari mu yi lissafi. Ranar 29 ga Mayu 2023 Nijeriya ta cire tallafin mai, nan take ruwa-ruwan da ke shigowa ta Ƙonni ya yi tsada. A 2024 gwamnati ta sauko da litar fetur daga sefa 540 zuwa 499, amma a Maris 2025 duk mun ga layukan da aka yi a gidajen mai. Ranakun nan, wa ya isa wurin aikinsa a kan lokaci? Wanda ake yi ma dariya.

Kuma maganar ta wuce ta aljihu. Ku tuna da yaran ƙauye da ke taka kilomita da yawa zuwa CEG, musamman ƴan mata, waɗanda nisa kaɗai kan sa iyaye su ce a zauna gida. A jihar Bihar ta Indiya, a 2006, gwamnati ta soma ba ƴan matan da suka shiga sakandare kuɗin sayen keke. Da masana suka bincika, sun tarar shigar ƴan mata sakandare a kan shekarunsu ya ƙaru da kashi 32 cikin 100. Nan kusa da mu, a Wagadugu, mata na tuƙa keke da zanensu da goyonsu, ba wanda ke juyowa ya kalle su. Burkina na da gasar Tour du Faso tun 1987. Biniam Girmay na Eritiriya ya ci zango uku a Tour de France ta 2024, ya tafi da koriyar riga. A Satumban 2025 Kigali ta karɓi gasar keke ta duniya, karo na farko a Afirka. Ƙafafun nan fa irin namu ne.

Mi nake roƙo? Abu huɗu, kuma babu wanda ke buƙatar tallafin ƙetare.

Na ɗaya, kowace fada ta fitar da mutum biyar, a tsayar da safiya guda a mako a riƙa fita tare. A Bogota ta Kolombiya, tun 1974 suke rufe tituna ma motoci ranar Lahadi. Mu Lahadi kasuwar Tawa ce, hanyoyi cike suke, don haka Asabar ta fi dacewa da mu.

Na biyu, duk hanyar da muka bi mu rubuta ta: nisanta, inda rijiya take, inda mai faci yake, inda rairayi ya yi yawa. Wayar hannunku ta isa wannan aiki. In muka dage, kafin damina za mu sami taswirar hanyoyin keke na kewayen Tawa, mu raba ma kowa.

Na uku, mu kai ma ma'aikatar magajin gari takarda mai sa hannun jama'a. A sa alamar rage gudu zuwa kilomita 30 a awa gaban makarantu, a ware wurin ajiye keke mai inuwa a makarantu da kasuwa. Sannan duk sabuwar kwaltar da za a shimfiɗa zuwa ƙauyuka, a bar gefe ma mai keke da mai amalanke tun a kan takarda. Mun ga titunan da Tawa Sakola ta kawo a 2017, mun kuma ga yadda gudu ya ƙaru a kansu. Ranar da kwalta ta isa ƙauye, ranar shirunsa ke ƙarewa, sai fa in an yi tanadi tun da wuri.

Na huɗu, wanda ke da tsohon keke jingine a zaure, ya kai ma mai gyara, ya ba wani ɗalibi ko ɗaliba a ƙauyensu. Kuɗin taya da sarƙa da birki bai kai na sabuwar waya ba.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta tsayar da 3 ga Yuni a matsayin ranar keke tun 2018. Ba sai mun jira ta ba. Asabar mai zuwa bayan sallar asuba, mai keke ya zo da kekensa, wanda ba shi da shi ya aro na maƙwabci. A zo da ruwa da kayan faci. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya kiyaye mana hanya.