JINIYA A BAYA, DANJA A GABA

Jawabi ga direbobi a kan ba motocin gaggawa hanya

  Ni dai yaro ne a cikinku, da yawanku kun riƙe sitiyari tun ban san hagu da dama ba, saboda haka tuƙi kam sai dai ku ku koya mini. Aikina shi ne in karanta dokokin da aka kafa, in zo in bayyana wa jama'a cikin harshen da su ke ji. Abin da ya kawo ni yau magana ce guda, wadda ta daɗe tana jawo gardama a tashoshi, watau abin da ya wajaba ga direba sa'ad da motar gaggawa ta biyo bayansa da jiniya, ga shi kuwa ba shi da inda zai kauce sai ya karya wata doka.

A ce kai ne a kan gaba a wata mararraba cikin gari, fitilar danja ta yi ja, ka tsaya. Hagunka mota, damanka kwata. Sai ka ji jiniya, ka dubi madubi, ka ga motar asibiti ta zo ta tsaya daf da kai. Na baya suna ta danna oda, fasinja suna cewa, "Direba, wuce mana, rai ne!" In ka tsaya, ka tare wa marar lafiya hanya. In ka wuce, ka keta danja, ka kuma shiga gaban motocin da aka ba hannu. Gaba kura ke nan, baya sayaki.

Da fari sai mu yarda fasinjan nan ba su yi ƙarya ba, rai ne. Likitoci sun tabbatar in zuciyar mutum ta tsaya, ƙwaƙwalwarsa ta kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Macen da jini ya ɓalle mata bayan haihuwa tana iya rasuwa cikin sa'a 2 in ba a kai ta inda za a tsai da shi ba. Gobara kuwa kowa ya san ba ta jira. Wanda ya ji jiniya ya yi kunnen ƙashi, alhali ga wurin kaucewa, lalle ya ɗauki alhaki mai nauyi, ko an kama shi ko ba a kama shi ba.

To, me doka ta ce? A shekarar 1968 ƙasashen duniya suka taru a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, suka ƙulla yarjejeniya a kan dokokin hanya, Nijeriya kuwa ta shiga cikinta a 2018. Sashe na 34 na yarjejeniyar nan ya kafa abu biyu. Na ɗaya, duk mai bin hanya, da zarar ya ji jiniya ya ga fitilar motar gaggawa, tilas ne ya buɗe mata hanya, in ta kama ma ya tsaya. Na biyu, kowace ƙasa tana iya sassauta wa direban motar gaggawa waɗansu dokoki, muddin bai jefa sauran jama'a cikin haɗari ba. Ina roƙonku ku lura da wanda aka yi wa sassaucin nan. Direban motar asibiti aka yi wa, da na motar kashe gobara, da na 'yan sanda. Kai da ka ke gabansu an ɗora maka wajibin kaucewa, amma sauran dokoki suna nan a kanka yadda su ke. A nan matsalar ta ke.

Bari in kai ku Ingila, domin can ne aka fi zare wannan magana filla-filla, yawancin dokokinmu na hanya kuwa daga nasu suka samo asali. Suna da littafin ƙa'idodin hanya wanda aka fara bugawa a 1931. Ƙa'ida ta 219 a cikinsa ta gargaɗi direba kada ya firgita in ya ji jiniya, ya dubi inda motar ta nufa, ya ba ta hanya, amma yana mai bin dukkan alamun hanya. Ta hana shi tsayawa a kan kwana, ko kusa da ƙoƙuwar tudu, ko inda titi ya ƙuntata. Ta kuma hana shi hawa gefen da mutane ke tafiya a ƙasa, da taka birki da ƙarfi a bakin mararraba ko shataletale. Wanda ya keta danja a can, ko da don ya ba motar asibiti hanya ne, a idon doka ya yi laifi. Tarar da aka saba yi fam 100 ce, a kuma rubuta masa maki 3 a lasin. In maki ya kai 12 cikin shekara 3, a kan hana mutum tuƙi, galibi har wata 6. Sau da yawa ma na'urar ɗaukar hoto ce ta ke kama shi, ita kuwa ba ta jin jiniya. Yana iya zuwa kotu ya faɗi uzurinsa, alƙali kuwa yana da ikon ya sassauta, amma sai bayan ya sha zirga-zirga. A ɗaya gefen kuma, tun 2006 suna da doka mai hukunta wanda ya tare wa ma'aikatan ceto hanya ba da wani uzuri ba.

Wataƙila wani zai ce wannan ai zalunci ne, a ce ka kauce, a kuma ci ka tara don ka kauce. Amma mu duba dalili. Sa'ad da fitilarka ta yi ja, ta wani ta yi kore. Motar da ke gudun kilomita 50 a sa'a tana cin kusan mita 14 cikin daƙiƙa guda, watau kafin direbanta ya ɗaga ƙafa daga totur ya kai kan birki ya riga ya shafe tsawon motoci uku. Shi ya ga an ba shi hannu, gilashinsa a rufe, wataƙila bai ji jiniyar ba sam. Motar asibiti tana da fitila mai walƙiya da ƙara mai faɗakarwa, direbanta kuma aikinsa ne ratsa mararraba a hankali. Kai ba ka da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ka faɗa tsakiyar mararraba aka yi karo, marasa lafiya sun ƙaru, hanyar da a ke son buɗewa ta toshe ɗungum, an rasa ido garin neman gira. Saboda haka ne a Ingila a ke koya wa direbobin motocin gaggawa, in sun iske layi a bakin danja ba mafita, su kashe jiniya su jira fitila ta sake, ko kuwa su da kansu su nemi wata hanya, don kada su tunzura na gaba ya yi abin da zai yi da-na-sani.

Jamusawa kuwa sun ɓullo wa abin ta wata fuska, suka ce a buɗe hanyar tun jiniya ba ta iso ba. A manyan titunansu na wajen gari masu layi biyu ko fiye, da zarar cunkoso ya sa motoci sun koma tafiyar ƙafa, na layin ƙarshe na hagu sai su matsa hagu, sauran duka su matsa dama, a bar fili a tsakani, ko da ba a ji motsin motar ceto ba. Ran 3 ga Yuli, 2017, wata babbar motar fasinja ta yi karo da babbar motar kaya a jihar Babariya, ta kama wuta, mutum 18 suka rasu. Ma'aikatan ceto suka yi kukan cewa direbobi ba su buɗe filin nan yadda ya kamata ba. A cikin shekarar nan aka ɗaga tarar ƙin buɗe shi daga yuro 20 zuwa yuro 200 ko fiye. Darasin da ke nan shi ne, wanda ya shirya tun da wuri ba ya shiga tsaka mai wuya.

Mu dawo gida. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta sa keta fitilar danja cikin jerin laifuffukan da a ke cin tara a kansu, toshe hanya ma haka. Ke nan direbanmu yana tsakanin wajibai biyun nan kamar takwaransa na Ingila. Amma akwai abu guda da ke warware ƙullin. Sashe na 6 na yarjejeniyar Biyana ya ce umurnin jami'i mai ba da hannu yana gaba da fitila da kowace irin alama. In ɗan sanda ko wani jami'in hanya yana wurin, ya tsai da motocin da aka ba hannu, ya yafito ka, to, wuce, ka fita laifi. In babu jami'i, odar na baya da ihun fasinja ba su zama izini ba.

Ga abin da na ke ba da shawara a riƙe. Tun kafin a ji jiniya, duk sa'ad da za ka tsaya a layi, bar fili tsakaninka da na gaba, gwargwadon yadda za ka hangi tayoyinsa na baya suna taɓa ƙasa. Filin nan shi zai ba ka damar karkata sitiyari ka raɓe ba tare da ja da baya ba. Rage ƙarar rediyo, ka riƙa duban madubi a kai a kai, domin wanda ya hangi motar tun daga nesa yana da lokacin zaɓen wuri mai kyau.

Sa'ad da ka ji jiniya, fara sanin inda ta fito, don cikin gari gine-gine su kan mai da ƙara, har a zaci daga baya ta ke alhali daga gefe ta ke. Tun ran 2 ga Afrilu, 1972, hannun dama mu ke bi a ƙasar nan, saboda haka dama za ka kauce, sai fa in kana layin hagu na titi mai faɗi, inda matsawa hagu ya fi buɗe fili. Sa sigina tukun, don direban motar asibiti ya san niyyarka, ka kuma duba mai babur da mai keke da ke raɓe da kai. Kada ka taka birki farat ɗaya. Motar kashe gobara tana ɗauke da dubban litocin ruwa, kowace lita kuwa kilo guda ce, ba ta tsayawa nan take kamar ƙaramar mota. In kana kan gada, ko kwana, ko inda ba a hango gaba, ci gaba da tafiya daidai wa daida har ka kai inda za a iya wuce ka. A bakin danja kuwa, matsa iyakar filin da ka ke da shi, ka karkata gefe, amma kada ka shiga cikin mararrabar. In babu fili ko kaɗan, tsaya a natse. Fitila ba ta daɗewa, tana sakewa ka wuce ka raɓe a wuri na farko.

Bayan ta wuce, dakata kaɗan ka duba, don sau da yawa motocin ceto biyu ko uku ke tafiya tare. Akwai kuma wata mummunar al'ada da ta zama ruwan dare a garuruwanmu, watau manne wa bayan motar asibiti don a tsere wa cunkoso. Sassaucin da doka ta yi wa motar bai shafi mai binta ba. In ta taka birki ya buge ta, laifinsa ne, marar lafiyan da ke kwance a ciki kuwa shi zai fara jin jiki.

In kuwa abin ya riga ya faru, ka ƙetare layi don firgita, jami'i ya tare ka, kada ka tsaya cacar baki a kan titi. Riƙe lokaci da wurin, da lambar motar gaggawar in ka gani, da sunan fasinja ɗaya ko biyu waɗanda za su ba da shaida, ka bayyana uzurinka cikin ladabi. Alƙali yana da ikon duba uzuri. Sai dai ku tuna, uzuri yana iya rage tara, amma ba ya ta da wanda aka take.

Na san abin da ke zukatan waɗansunku. Za ku ce jiniya ta yi yawa, kowa da 'yar motarsa sai ya ɗaura, har mutum ya rasa ta gaskiya da ta fankama. Kukanku yana kan hanya. Dokokin hanya na ƙasa na 2012 sun taƙaita jiniya ga waɗansu manyan shugabanni da aka zayyana, sa'an nan motocin asibiti, da na kashe gobara, da na jami'an tsaro a lokacin aikin gaggawa. Wanda ya ɗaura ba da izini ba ya karya doka, kama shi kuwa aikin hukuma ne. Amma direba a kan sitiyari ba shi da lokacin bincike, ba ya kuma ganin abin da ke cikin motar. In ya kauce wa ta fankama, daƙiƙa kaɗan ya yi hasara. In ya ƙi kauce wa ta gaskiya, wataƙila wani gida a kwana da makoki.

Iyayena, ku ne masu koya wa yaran mota, abin da suka ga kuna yi shi za su ɗauka. Ina roƙon kowane shugaban tasha ya karanta wa mutanensa takardar nan, har su riƙe cewa ba da hanya wajibi ne, keta danja kuwa sai da hannun jami'i. Wanda ke da tambaya ina nan zaune har a tashi.  Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.